Tacho a Kasuwar Ƙafafu

Idan tayarka ta yi faci a hanyar shiga San Lucas del Salitre, wajen Tacho za a tura ka, can bayan tashar bas, gefen mai gasa masara. Za ka tarar da wani siririn mutum mai furfura, ba ya dariya, ba ya ciniki sau biyu. Anastasio Huizar aka raɗa masa a coci, amma tun yana rarrafe ba mai kiransa haka. Samarin da ke kawo masa babura ba su san cewa shekara goma sha ɗaya shi ne ɗan wasan tsakiyar ƙungiyar garin nan ba, har aka kai babban rukuni, ba wasan unguwa ba. Su ba su sani ba, shi kuwa ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. To ni zan faɗa, don abin yana ci mini rai har yau.

Ubansa mai ƙona jan bulo ne a bakin rafi. Tacho ya tashi yana taka laka da ƙafa daga safe har rana ta take, mutane suka ce a nan ya samo cinyoyin nan nasa. Ranar Lahadi in an taso daga coci sai filin da ke bayan wurin ƙona bulon, fili ne na tsakuwa da fasassun kwalabe, duk wanda ya faɗi da jini zai tashi. A can wani mai nemo wa ƙungiya yara ya gan shi yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya kai shi Salitreros, waɗanda mu dai Shuɗaye muke ce musu saboda rigarsu.

Kada ku ɗauka irin 'yan wasan nan ne masu yanka mutum uku su zura ƙwallo su tuɓe riga. Ina! Aikin Tacho aikin jaki ne. Shi ke tsayawa gaban 'yan baya, ya ƙwace ƙwallo daga ƙafar mai ita, ya ɗaga kai, ya miƙa wa wani ya je ya yi suna. Washegari jarida ta buga hoton wanda ya ci, in ka duba da kyau ka ga gwiwar Tacho a gefen hoton. Amma duk wanda ya san ƙwallo ya san ranar da Tacho ba ya fili, tsakiyar Shuɗaye hanya ce, kowa ya ga dama ya bi ya wuce.

Mai ƙungiyar shi ne Don Leocadio Urrutia, mai masana'antar takalma, mutum mai tumbi da fara'a, wanda in ya rungume ka sai ka yi kwana biyu kana ƙanshin turarensa. Shekarar da aka hau babban rukuni Herlinda, matar Tacho, ta haifi 'ya mace. Don Leocadio, cikin murna da giyar tekila, ya ce shi zai riƙe jaririyar ranar baftisma. Shi ke nan, mai masana'anta da ɗan mai bulo suka zama kompadre, wato uban baftisma da uban haihuwa. Kowa ya san nauyin wannan kalma a wajenmu. Ɗan'uwanka na ciki ɗaya kana iya zaginsa ka mare shi, gobe ku ci wake a kwano ɗaya. Amma kompadre ba a yi masa ƙarya, ba a ɗaga masa murya, ba a ƙin karɓar hannunsa. Abin da Tacho bai tsaya ya tambaya ba shi ne, kompadre nawa Don Leocadio yake da su a garin nan. Direbansa ma kompadrensa ne, haka mai yi masa aski.

Yana da shekara ashirin da tara kwantiraginsa ya ƙare. A daidai lokacin kocin wata babbar ƙungiya ta babban birni ya aiko masa cewa yana son sa. Wannan shi ne abin da Tacho ya jira duk rayuwarsa: ya buga a babban filin ƙasa kafin ƙafa ta gaji, ko da kakar wasa uku ce, a san cewa ya yi ƙwallo. Sai ya sa hularsa ya tafi gidan gonar Don Leocadio wata Lahadi, ya tarar ana cin naman akuya da tortiya, wato wainar masara, mai zafi a ƙarƙashin bishiya. Ya jira aka ci aka sha, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Don Leocadio ya dafa kafaɗarsa da hannun da ke naso da mai. "Haba kompadre, wannan ma sai ka tambaya? Ka yi mana bauta iya bauta. Je ka, Allah ya ba da sa'a. Ni wane ne da zan tare maka hanya?"

Da ya dawo gida yana ta washe baki, Herlinda na tsintar wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ya rubuta maka?"

"Ya rubuta me?"

"Abin da ya faɗa mana, tsoho. Ya sa hannu?"

"Ke tsohuwa, kina da hankali kuwa? In ce wa kompadrena ya sa mini hannu? Ai gara in zage shi kawai."

"To," in ji ta, ta ci gaba da tsintar wakenta.

A wancan zamanin, duk ƙarshen kaka masu ƙungiyoyi sukan taru a wani babban otal a Acapulco, bakin teku. Su suna sama, a ɗaki mai sanyi, ƙofa a rufe. 'Yan wasa kuwa suna ƙasa, a zauren karɓar baƙi, kowa da jakarsa tsakanin ƙafafu, don bai san garin da zai kwana jibi ba. Kasuwar ƙafafu muke ce mata, kuma ba da wasa ba. Tacho ya je cikin kwat ɗin aurensa, a ganinsa shi ba kaya ba ne, hannu kawai ya zo ya sha da sababbin iyayen gidansa.

Wani tsohon gola mai suna Crisóforo, wanda aka sayar sau biyar har ya daina jin zafin abin, ya hango shi ya kwashe da dariya. "A'a, ango! Zo ka zauna kusa da ni. In sun sauko ka buɗe baki sosai, haƙora suke fara dubawa."

"Ni kwantiragina ya ƙare, Crisóforo. Ba ni da mai ni."

"Ji wannan! Kai Tacho, shekara nawa ka yi a harkar nan? Allah ya ƙara maka sani."

Haka suka wuni. Lokaci lokaci a leƙo daga bene a kira suna kamar a asibiti, mutum ya hau, ya sauko ko dai yana dariya ko yana neman waya ya gaya wa matarsa ta fara ɗaure kaya. Gumi ya jiƙa wuyan kwat ɗin Tacho. Sai da rana ta yi sanyi Fidencio, lauyan ƙungiya kuma ɗan 'yar'uwar Don Leocadio, ya sauko ya ja shi gefe.

"An gama naka, Tacho. Kudu za ka, can bakin iyaka, ƙaramin rukuni. Kai da wani ɗan baya aka haɗa aka bayar, mu kuma muka karɓi ɗan gaba."

"Wane kudu? Lauya, kwantiragina ya ƙare. Kompadrena da bakinsa ya sallame ni."

Fidencio ya dube shi kamar mai kallon yaro. "Kwantiragi daban, yarjejeniyar manya daban. Ba wanda ke taɓa ɗan wasan wani sai mai shi ya gyaɗa kai, ko da kwantiragi ya shekara goma da ƙarewa. Ba a rubuce take ba, shi ya sa ba ta karyewa. Na babban birni sun taya, na kudu sun fi su. Kawu kuma yana buƙatar ɗan gaba."

Tacho ya san da wannan yarjejeniya, wa bai sani ba? Sai dai ya ɗauka ba ta hawa kan kompadre. Nan ne kansa ya ɗau zafi. Ya ture Fidencio ya nufi bene, ya yi kiciɓis da manyan suna saukowa suna ta raha, 'yan jarida na biye da su. Don Leocadio ya gan shi ya buɗe fuska, ya miƙo hannu.

"Kompadre! An gaya maka? Garin akwai kifi mai daɗi."

Tacho ya kalli hannun, ya mayar da nasa hannuwan baya. Ya ɗaga murya yadda har masu share zaure suka ji. "Ni ba saniya ba ce, Don Leocadio. Ba zan je ba. Ka nemi wata dabbar ka ba su."

Hannun Don Leocadio ya ɗan tsaya a iska, sannan ya mayar da shi aljihu, ya yi murmushi, ya wuce cin abinci. Crisóforo ya rufe fuska da hula, aka ji yana cewa, "Kaico, ango ya kashe kansa."

Daga ranar wayar gidan Tacho ta mutu ba tare da ta lalace ba. Kocin babban birni ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, hannuna a ɗaure yake." Sauran ko wannan ba su faɗa ba, kullum sakatariya ce, kullum maigida ya fita. Na kudu ma suka ce sun fasa, ba sa son mai baki. Ya samu wata ƙungiya a Guatemala, aka yi magana aka gama, da suka ji labarin Acapulco su ma suka yi shiru. Abokan wasansa, waɗanda ya yi shekaru yana zubar da gumi don su yi suna, in suka hango shi a kasuwa sai su tsaya duba tumatir. Har Nabor Zepeda, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a kowace tafiya, wanda yanzu ya gaji gurbinsa a tsakiya, ya koma gaishe shi da gira daga nesa. Wannan ta fi komai ƙona wa Tacho rai.

Amma bai saki ƙafarsa ba. Kullum da sassafe ya ɗaura takalmi ya hau dutsen da ke bayan gari da gudu, ya sauko, ya sake hawa. Ya dawo ya yi ta buga ƙwallo a bangon makaranta shi kaɗai. 'Yan ƙauye suka yi ta zuwa roƙonsa ya buga musu wasan bukin waliyyinsu, za a ba shi abin da ya samu da giya da nama, ya ce a'a, kada wani manomi ya karya masa ƙafa ranar da za a kira shi. Bai sha ba, bai yi ƙiba ba. Ya ajiye jikinsa kamar yadda ake ajiye kayan fita, yana jiran ranar.

Kaka ta wuce, wata ta bi ta. Herlinda ta fara dafa tamal, irin alalen masara, tana sayarwa a ƙofar gida, matar da a da ake ba ta kujera a rumfar manya. Ba ta yi masa gori ba, abu ɗaya kawai take maimaitawa.

"Ka je ka ba shi haƙuri, tsoho."

"Ni na yi masa ƙarya ko shi ya yi mini?"

"Shi ya yi maka. Ka je ka ba shi haƙuri."

"Sai dai in mutu."

"Ba mutuwa za ka yi ba, tsufa za ka yi. Ƙafar nan ba jira take ba."

Ana cikin haka garin ya wayi gari babu ƙungiya. Don Leocadio ya sayar da ita ga wani mai otal-otal, aka kwashe ta zuwa bakin teku, aka canza suna, aka canza riga, kamar yadda ake yi a ƙasar nan ba tare da an tambayi kowa ba. Ciyawa ta cinye filinmu. Tacho ya ce to, ko yanzu za a tuna da shi, ya sake bin ƙungiyoyi da waya. Amsar dai ita ce ta da: a fara jin ta bakin Don Leocadio tukuna. Sai ya tabbata tsohon ya sayar da komai amma ya riƙe igiyarsa shi kaɗai, don ya ga ƙarshensa. Ƙiyayyar da ya yi wa mutumin nan a lokacin, in da za a matse ta, ta isa ta kashe doki.

Abin da ya karya shi Amparo ce, 'yarsa. Ta isa karɓar jibin Ubangiji na farko a coci, al'ada kuwa ita ce a kai yarinya ta gaida uban baftismarta, ya sa mata albarka. Herlinda ta ce ita kam ba za ta hana 'yarta albarka don taurin kan wani ba. Tacho yana da shekara talatin da uku a lokacin, gwiwarsa ta fara yi masa magana in zai sauko dutse. Ya yi kwanaki yana haɗa kalmomin ban haƙuri a bakinsa, kowace kalma kamar ya haɗiyi tsakuwa. Ranar Lahadi ya ɗauki kwalbar tekila da kwandon burodi, ya riƙe hannun yarinya, suka tafi.

Suka tarar da Don Leocadio a bakin garken dawakai, ya tsufa, ya rame, yana dogara sanda. Da ya gan su sai ya buɗe hannuwa.

"Kompadre! Ina ka shige haka? Kai, wannan ce Amparo? Zo nan 'yata, zo in gan ki!"

Ya sa mata albarka, ya sa aka kai ta kallon ɗan doki. Tacho ya cire hula ya riƙe a ƙirji, idonsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, na zo ne in roƙi gafara. Abin da na yi maka a Acapulco gaban mutane, ban kyauta ba. Na ƙi hannun kompadrena. Ka yafe mini, ka sake ni in buga ƙwallo."

Don Leocadio ya yamutsa goshi. "Acapulco? Wane... Au! Maganar saniya!" Ya fashe da dariya har da tari. "Kai kompadre, ai wannan ko mako ban yi da ita a rai ba. Har labarinta nake bayarwa a wajen cin abinci. To wai tsaya, kana nufin tun lokacin ba ka buga ba? Ni na ɗauka ka daina ne don kanka."

"Ba wanda ya yarda ya ɗauke ni. Sun ce sai ka gyaɗa kai."

"To ai ba wanda ya tambaye ni! Ko mutum ɗaya. Ka san halinsu, kowa na tsoron kada ya ɓata wa wani. Da ka zo tun a watan farko ai da mun sha kofi an wuce wurin." Ya girgiza kai. "Kuma ma yanzu ba a hannuna kake ba. Da na sayar da ƙungiya ai da komai na sayar, motar bas da riguna da 'yan wasa. Kai ma kana cikin kayan. Bari ka gani."

Ya sa aka miƙo masa waya nan take, ya kira sabon mai ƙungiyar. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar wani doki. Sannan ya ambaci sunan Tacho, ya saurara, ya yi dariya, ya ajiye.

"Ya ce shi bai ma san yana da kai ba. Ka je duk inda kake so. Shi ke nan, kompadre? Zauna mana a kawo nama."

Tacho ya tsaya riƙe da hula. Sigarin da tsohon ya kunna kafin ya ɗauki wayar ko rabi bai ci ba. Da mutumin nan ya tsane shi, da ya fi masa sauƙi, don aƙalla da ya san wani ya zauna ya yi tunaninsa. Ya so ya yi kuka, ya so ya rotsa kwalbar a bango, amma Amparo na dawowa da gudu tana kiran baba ya zo ya ga ɗan doki. Ya zauna ya ci naman, ya yi godiya.

Labari ya bazu cewa an saki Tacho. Nabor Zepeda, wanda yanzu ya zama mataimakin koci a wata ƙungiyar babban rukuni a birnin da ke kusa da mu, ya tuna cewa yana da aboki. Ya bugo waya ya ce ya zo gwaji ranar Laraba, suna neman mai riƙe tsakiya. Herlinda ta kunna kyandir gaban hoton Budurwa Mai Tsarki, ta goge masa takalma da kanta.

A gudun zagaye fili Tacho ya bar samari a baya, har koci ya ɗaga gira ya dubi Nabor. Sai aka raba riguna aka fara wasa. Ƙwallon farko da ta nufo tsakiya, tun ba ta bar ƙafar mai ita ba Tacho ya san inda za ta. Kansa ya riga kowa isa wurin. Ƙafarsa ce ta makara, da ɗan taki kaɗan, ɗan abin da ba ya samuwa a hawan dutse ko a bangon makaranta, sai a cikin wasa mako bayan mako. Wani ɗan gaba mai kitso ya ɗauke ta ya wuce. Ta biyu ma haka. Ya ce a ransa sanyin jiki ne, zai warware. Ta uku ya ga abin tun daga nesa, ya zuba duk abin da ya rage masa ya shiga, ƙwallo ta riga ta tafi, ƙafar ɗan mutane ya samu. Saurayin ya yi sama ya faɗo yana ihu yana riƙe da idon sawu.

Aka busa usur. 'Yan wasa suka taru, wani daga cikinsu ya ce, "Haba baba, in ba ka iyawa ka koma gida mana, za ka kashe mana mutum!" Nabor ya taho a hankali, yana kallon ciyawa.

"Tacho..."

"Bar shi, Nabor. Na gani."

Ya tuɓe rigar gwajin da kansa ya miƙa masa. Ya tsuguna ya ba saurayin haƙuri, ya ɗauki jakarsa, ya hau bas ɗin yamma.

Herlinda na bakin ƙofa tana kwashe tamal daga tukunya lokacin da ya iso. Ta dubi fuskarsa, ta dubi jakar, ta ajiye murfin.

"Yaya, tsoho? Sun sake hana ka?"

Ya zauna a kan dakali ya fara kwance igiyar takalmi.

"A'a, tsohuwa," ya ce. "Yau kam babu wanda ya hana ni."